Tabarau Mai Mayar da Tsoho Garinsu na Dā: A Ɗauki Bidiyon Gaske Ko a Gina da Kwamfuta?

Dattijon da aka haifa a Kano a 1945 yana ɗan shekara sha biyar aka samu 'yancin kai, yana ɗan sha takwas aka naɗa Sarki Ado Bayero, bai cika talatin ba aka daina ƙirga kuɗi da fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973. Yau ƙafa ta yi nauyi. Ranar Hawan Daushe yana zaure, yana jin ƙarar bindiga daga nesa, jikoki sun watse sun bar shi da rediyo. Ka tambaye shi me ya karya kumallo da shi, wataƙila ya yi jim. Ka tambaye shi yadda ake jera buhuna a dalar gyaɗa, sai ka nemi wurin zama. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura da wannan: abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 da 30 shi ya fi zama daram a kansa, kuma sau da yawa shi ne na ƙarshe da gigin tsufa ke taɓawa.

A kan wannan aka gina tunanin amfani da fasahar gani-kamar-gaske, wadda ake taƙaitawa da VR, wajen kula da tsofaffi. Wani tabarau ne mai kauri da ake ɗaurawa a fuska, ya rufe ganin ɗakin da kake, ya buɗe maka wani wuri dabam. Ka juya kai dama ka ga abin da ke dama, ka ɗaga kai ka ga sama. A Amurka kamfanoni irin su Rendever da Mynd Immersive suna kai shi gidajen kula da tsofaffi. Wani nazari da Jami'ar Stanford ta yi da haɗin gwiwar Mynd a kan mutum 245 masu shekara 65 zuwa 103 ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari sun ce ransu ya yi sanyi bayan sun gwada, kusan kashi 60 kuma sun ce kaɗaici ya ragu. Amma a riƙe abu biyu: bakin mutanen aka ji, kuma mai sayar da kayan yana cikin aikin. Shi kansa maganin tuna baya, wato sa tsoho hirar abubuwan da ya gani a dā, wanda likitan Amurka Robert Butler ya share wa hanya da rubutunsa na 1963, da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta tattara bincike 22 a kansa a 2018, amfanin da ta gani ƙarami ne, kuma ya danganta da inda aka yi da yadda aka yi. Ba ya warkar da cutar mantuwa. Abin da yake yi shi ne ya buɗe baki, ya sanyaya rai, ya sa wanda ya yini shiru ya yi hira. A wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk wanda ya yi jinyar tsoho ya san shirun nan yana cin mutum kamar ciwo.

To, a ce ƙungiyar matasan unguwa, ko sashen kwamfuta na wata jami'a, ko ma'aikatan gidan tarihi sun samu ɗan tallafi suna son yi wa tsofaffinmu irin wannan. Mararraba ta farko da za su tarar ita ce: su ɗauki bidiyon wurin na gaske da kyamara mai ganin ko'ina, ko su gina wurin da kwamfuta kamar yadda ake gina wasannin bidiyo? Hanyoyin biyu tabarau ɗaya suke shiga, amma kuɗinsu, haɗarinsu da abin da suke yi wa tsoho sun sha bamban.

Abin da kyamara ta gani

Kyamarar digiri 360, irin su Insta360 da Ricoh Theta, ido biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, sai manhaja ta ɗinke hotunan su zama zagaye guda. A kafa ta a Ƙofar Mata, a bar ta tana ɗauka, an gama rabin aiki. Wanda ya sa tabarau zai ga marina da ramukansu, ya ga hannun da shuni ya rina, ya ji bugun mabuga. Babu wanda ya zana fuskar kowa, babu wanda ya yi hasashen launin ƙasa. Gani ya kori ji, kuma tsoho yana gane gaskiyar wuri daga ƙananan abubuwan da babu mai zane da zai tuna da su: yadda akuya ke raɓe a gindin katanga, yadda mai tallar goro ke ɗaga faifai, irin hasken hantsi a lokacin hunturu.

Sauƙinsa ma abin dubawa ne. Mutum biyu da kyamara ɗaya da sandar kafawa za su iya ɗaukar Kasuwar Kurmi, Dutsen Dala, Gidan Makama da abin da ya rage na ganuwa cikin mako guda. Ana zuba bidiyon cikin tabarau a ajiye, ba a buƙatar intanet ranar nunawa. Mai kallo kuma ba a neman ya danna komai. Zama kawai zai yi ya juya kai.

Aibinsa na farko dishi-dishi ne. Idan an ce kyamara tana ɗaukar 5.7K ko 8K, wato ma'aunin tsabtar hoto, wannan adadin an shimfiɗa shi ne a kan zagayen gaba ɗaya, mai kallo kuwa kusan rubu'in faɗin yake gani a lokaci guda. Shi ya sa fuskar da ke nesa takan narke. Ga mai yanar ido, dishi kan dishi ke nan. Maganinsa a kusantar da abin da ake son a gani, taku biyu ko uku daga kyamara, a yi ɗauka da rana, a bar na dare. Aibi na biyu: kana tsaye ne inda aka kafa kyamara, ko ka sunkuya gaba hoton ba zai matso ba. Na uku shi ne babba. Kyamara yau take gani. Idan ka ɗauki Fagge ko bakin tashar jirgin ƙasa yanzu, Adaidaita Sahu da allunan kamfanonin waya za ka kai wa dattijon, ba garin da ya sani ba.

Akwai dabarar da Turawan Ingila suka yi wa wannan. Masu shirin The Wayback sun sake shirya bikin titi na ranar naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, da 'yan wasa da tufafi da abincin lokacin, suka ɗauka da kyamarar 360 domin masu cutar mantuwa. Mu da muke da masana'antar fim a Kano, da masu ɗinki, da tsofaffin gidajen ƙasa da ba a rushe ba tukuna, wannan hanyar a buɗe take gare mu.

Abin da kwamfuta ta gina

Hanya ta biyu ita ce a ƙera wurin. Ko dai a ɗauki ɗaruruwan hotunan gini ta kowace kusurwa manhaja ta fitar da siffarsa, ko a auna shi da na'urar haske, ko mai zane ya gina shi daga tsofaffin hotuna, sannan a zuba a manhaja irin Unity ko Unreal. A Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu akwai wani shiri mai suna Zamani da ya yi irin wannan awo a Timbuktu da Jenne da Lalibela. Sunan daga Suwahili ne, inda kalmar ke nufin dā, mu kuwa da mun ce zamani sai hankali ya tafi ga sabon abu. Aikin nasu ya haɗa ma'anonin biyu.

Ƙarfin wannan hanya a wuri biyu yake. Na farko, tana tayar da abin da ya shuɗe. Dalar gyaɗa babu ita, ba kyamarar da za ta ɗauko ta. Ƙofofin gari da aka faɗaɗa domin mota, sassan ganuwar da aka cinye da gine-gine, tsohon jirgin ƙasa mai gawayi, duk sai dai a gina su. Na biyu, mutum yana iya motsi a ciki: ya sunkuya ya leƙa rijiya, ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwarya, ya ɗaga ta ya ajiye a kan maratayi. Idan manufar aikin motsa jiki ce, misali ga wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ana son ya riƙa miƙa hannu, to ginin kwamfuta ne ke da abin bayarwa, da sharaɗin likitan gashin ƙashi ne ya tsara motsin, kuma ƙari ne a kan atisayen da aka saba.

Sai dai tsada. Aikin da kyamara ke gamawa a mako, gini yakan ci watanni da albashin masu zane da masu rubuta manhaja. Kuma duk inda ilimin mai ginin ya ƙare, nan zai fara ƙirƙira. Yaron da ya tashi a gidan bulo zai sa zanko inda ba a sa shi, ya jera azara ba bisa ƙa'ida ba, ya naɗa wa fatake rawani mai kunne biyu alhali na 'ya'yan sarki ne. Saurayi zai kalla ya ce ya yi kyau. Tsoho zai kalla ya ce, "Wannan ba garinmu ba ne," kuma daga nan an rasa shi. Fuskokin mutanen da kwamfuta ke ƙerawa su ma matsala ne: sun yi kama da mutum amma idonsu a bushe, tafiyarsu kamar ta gunki. Mai cikakken hankali zai yi dariya. Tsohuwar da gigin tsufa ya fara kamawa tana iya ɗauka wani abin ne dabam ya bayyana gare ta, kuma a wurin da har yanzu ake danganta irin wannan ciwo da iskoki ko maita, ban ga dalilin ƙara wa iyali abin zargi ba. Idan dole sai an gina, a gina wurin, a bar shi babu mutane, a cika shi da sauti na gaske.

Jiri, ido da wuya

Nan ne zaɓin ya daina zama na sha'awa ya koma na lafiya. Jirin da tabarau ke sa wa mutum yana zuwa ne idan ido ya ce ana tafiya, cikin kunne kuma, inda ma'aunin tsayuwar jiki yake, ya ce ana zaune. Saɓanin nan shi ke kawo tashin zuciya da zufa. Kowace hanya tana iya jawo shi. A bidiyo, idan aka ɗora kyamara a kan doki ko babur ko aka riƙe ta ana tafiya. A gini, idan aka ba mutum maɓalli ya riƙa tura kansa gaba yana zaune. Bambancin shi ne a bidiyo gyaran mai sauƙi ne: a kafa kyamara daram, daidai tsayin idon wanda ke zaune, a bar kowane wuri ya daɗe kafin a sauya, a sauya a hankali. Na san akwai kwaɗayin ɗora kyamara a kan dokin mai jahi domin a burge. A bar wa samari wannan. Dattijo a ajiye shi a gefen fili, dawakai su zo su wuce ta gabansa kamar yadda ya saba gani.

Gini yana kiran mutum ya tashi tsaye, kuma tsoho a tsaye da ido a rufe abin tsoro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura sittin ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu a shekara tamanin takan zama kwanciyar da ba a tashi. Don haka kujera mai hannu da majingina, ko tabarma da matashi a jikin bango, kowace hanya aka bi. Bayan an cire tabarau a bar shi ya ɗan zauna kafin ya miƙe.

Shi kansa tabarau ɗin nauyi gare shi. Meta Quest 2 giram 503 ne, Quest 3 kuma 515, wato rabin kilo rataye a gaban fuska. Wuyan tsoho ba zai ɗauki wannan na rabin awa ba. A fara da minti biyar, in an saba a kai goma. Batirinsa kusan awa biyu yake yi, kuma a zafin bazara fuska takan jiƙe cikin 'yan mintuna, gilashin ya yi hazo. Da safe ko bayan la'asar ya fi. Maɗaurinsa ba a yi shi da tunanin rawani ko ɗaurin ɗankwali ba, kuma ba kowane dattijo zai yarda a ce ya tuɓe hula a gaban yara ba. Mafita mai sauƙi ita ce a cire maɗaurin, mutum ya riƙe da hannu biyu kamar mai duba madubin hangen nesa. Hakan yana da wata fa'idar: da ya ji ba daɗi sai ya sauke da kansa, ba sai ya nemi a cece shi ba. A kuma riƙa goge inda ke taɓa fuska tsakanin mutum da mutum, musamman lokacin da ciwon ido na afolo ke yawo. Mai farfaɗiya, mai yawan jiri, wanda aka yi wa aikin ido kwanan nan, da wanda ke gane-gane, a bar su. Masu ƙera kayan da kansu sun rubuta cewa tsofaffi da masu ciwon zuciya su tuntuɓi likita kafin su sa.

Maɓallan hannu kuwa, a ajiye su a jaka. Yatsun da amosani ya kama, da rubutun Turanci yana yawo a iska, sun isa su kashe sha'awa tun ba a fara ba. Tsarin da Rendever ke bi shi ne daidai: mai kula yana riƙe da kwamfutar hannu, shi ke zaɓar abin da za a gani, yana kuma ganin abin da tsohon ke kallo, don ya iya cewa, "Baba, wannan ƙofar wacce ce?" Bidiyo ya fi dacewa da wannan tsari, domin ana iya kunna wa mutum uku ko huɗu abu ɗaya a lokaci ɗaya, su riƙa musu a kan ko rumfar wane ce a can.

Tarihin wa za a nuna?

Masu tsara irin wannan aiki sukan ruga ga manyan wurare: fadar sarki, Hasumiyar Gobarau, masallacin Agadas mai tsayin mita 27, bikin kamun kifi na Argungu, hawan sallar Kano da UNESCO ta sa a jerinta na al'adun gado a 2024. Duk suna da kyau. Amma tsohuwar da aka aurar tana 'yar sha huɗu ta shiga kulle, tarihinta ba ya Ƙofar Kudu. Yana tsakar gida: luguden daka, waƙar niƙa, mazari da alli, zaman lalle, gaɗa a dandali kafin aure, ɗakin amarya da jeren tasoshi da kwalla har rufi. Babu hukumar da ta rubuta waɗannan a jerin kayan tarihi, amma su ne za su sa ta yi magana. Kuma su ne bidiyon da aka shirya ya fi iya kamawa, domin rayuwarsu a hannu da murya take. Kwamfuta za ta iya zana turmi, ba za ta iya lugude ba. A nemi izinin masu gida kafin a shiga da kyamara, a tuna tana ɗaukar har abin da ke bayan mai ɗauka, kuma mace ce ta dace ta ɗaura wa mace tabarau.

Da yawa za su ce a kai su Makka. Hukumar kula da Masallatai Biyu ta Saudiyya ta ƙaddamar da kallon Hajarul Aswad ta wannan fasaha a ƙarshen 2021, hukumar addini ta Turkiyya kuma ta fito ta bayyana cewa wannan ba ya zama aikin Hajji. Ga wanda ya taɓa zuwa, tuni ne mai daɗi. Ga wanda bai samu iko ba, a faɗa masa a fili cewa kallo ne, kada a bar shi cikin ruɗu.

Kuma ba kowane tuni ne alheri ba. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Shekarun ƙuruciyar dattijon nan sun haɗa da yaƙin basasa, da farin 1973, da haɗarin jirgin alhazai a filin jirgin Kano a Janairun wannan shekarar wanda ya ci rai 176. Hoton tsohon filin jirgi da kai ka ɗauka abin sha'awa ne, wata mijinta zai tuna mata. Kafin a sa wa kowa tabarau, a zauna da 'ya'yansa a tambayi inda ya tashi, sana'ar da ya yi, da abin da ba a tayar masa. Idan hawaye ya zo, ba lallai ne a tsayar ba, wani kukan sauƙi ne. Amma wanda ke gefe ya san bambancin kukan kewa da na firgici.

Inda zan sa kuɗin

Da ni aka ba tallafin, kyamara ɗaya zan saya da na'urar ɗaukar sauti mai kyau da tabarau uku. Tabarau samfurin Quest 3S ya fito a 2024 a kan dala 299, kuma ya wadatar ga bidiyo. Zan ware kaso mai tsoka ga sauti, domin kunnen da ya ji algaita da kakaki da kiran sallar masallacin unguwa yakan riga ido isa gida, kuma mai ba da labari, in ma akwai shi, ya yi magana kaɗan da harshen wurin: Basakkwace ya ji Sakkwatanci, mutumin Damagaram ya ji nasa. Ginin kwamfuta zan ajiye shi ga abu ɗaya tak da ya ɓace, kamar dalar gyaɗa, in yi shi ta yadda ana kallonsa a zaune, kuma ba zan nuna wa kowa ba sai tsofaffin leburori da dillalan gyaɗa sun duba sun gyara. In kuwa asibiti ne ke neman abin motsa hannun majinyata, lissafin ya juya, gini ne zai zo gaba.

Zan kuma tanadi hanya ta uku ga waɗanda tabarau bai karɓe su ba, kuma za su yi yawa. Bidiyon 360 ɗin nan yana buɗuwa a waya ko kwamfutar hannu, a ja shi da yatsa. Ana iya haska shi a bangon zaure da majigi, mutum goma su kalla tare, babu jiri babu nauyi. Gidajen tarihi na Libaful a Ingila sun fara shirinsu na House of Memories a 2012, kuma ƙashin bayansa tsofaffin kayan da ake taɓawa ne da hira a kansu. Wannan ma wani dalili ne da ya sa bidiyo ya rinjaya a wurina: ɗauka ɗaya, hanyar nunawa uku. Ranar nunawa zan zo da ƙunshi: anini da kwabo mai huda, mazari, guntun turkuɗi mai ƙamshin shuni, ƙuli-ƙuli a faifai. Minti bakwai a cikin tabarau, sannan a sauke, a miƙa wa Hajiya mazarin, jikarta na gefe da waya tana naɗar abin da za ta faɗa.